Yadda ma'aikaci zai raba lokacinsa a farkon kaka

A ƙasar Hausa babu lokacin da ke tara wa mai aikin albashi hidimomi a wuri ɗaya kamar makonnin da ke tsakanin tsakiyar Satumba da ƙarshen Oktoba. Marka ta wuce, ruwan sama ya fara ja da baya, gero ya nuna yana jiran magirbi, gyaɗa kuma tana neman a cire ta tun ƙasa ba ta bushe ta riƙe 'ya'yanta ba. A daidai wannan lokaci ne makarantu ke komawa, domin a Najeriya sabuwar shekarar karatu tana farawa ne a Satumba, a Nijar kuwa sai farkon Oktoba, kuma a daidai lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Katunan gayyatar biki su ma sukan fara shigowa, tun da mutanen karkara sun saba ajiye auren 'ya'yansu sai amfanin gona ya zo gida. Duk waɗannan abubuwa suna neman ranakun Asabar da Lahadi guda, suna kuma neman aljihu guda, ofis kuwa bai rage wa kowa aiki don kaka ta shigo ba.

Abu na farko da ya kamata mutum ya yi shi ne ya zauna da takarda da biro tun kafin a fara yankan gero, ya rubuta duk hidimomin da ya san za su taso, sa'an nan ya raba su gida biyu, wato waɗanda ba sa jira da waɗanda za su iya jira. Wannan rabo ya fi kowane jadawali amfani, domin yawancin gajiyar kaka tana zuwa ne daga ɗaukar komai a matsayin gaggawa. Gero ba ya jira, saboda idan ya nuna aka bar shi a tsaye tsuntsaye za su ci rabonsu, ruwan ƙarshen damina kuma yana iya dukansa ya yi baƙi. Gyaɗa ba ta jira. Kuɗin makaranta da zazzaɓin yaro ba sa jira. Amma dawa da maiwa sai Nuwamba ko Disamba ake girbe su, wake kuma ba a tsince shi rana ɗaya, ana bin sa ne sannu a hankali yadda yake bushewa. Gyaran katangar da ruwa ya zubar zai iya jiran rani, lokacin da ƙasa ta bushe, magina kuma suka samu sarari. Wanda ya gane wannan ba zai ƙone hutunsa na shekara gaba ɗaya a makon farko na Oktoba ba, ya zo lokacin dawa yana roƙon shugabansa izinin kwana ɗaya.

Batun hutun aiki yana bukatar a shirya shi da wuri. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki haƙƙin hutu na aƙalla kwana 6 na aiki tare da cikakken albashi, ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni kuma suna samun fiye da haka gwargwadon matakinsu. Matsalar ita ce a ofishin da rabin ma'aikatansa manoma ne, kowa yana son fita a mako guda, kuma wanda ya riga miƙa takarda shi ne ke samu. Don haka ya kamata a rubuta takardar neman hutu tun cikin Agusta, a kuma zauna da abokan aiki a yi karɓa-karɓa, wannan ya tafi makon gero, wancan ya tafi makon gyaɗa. Inda tsarin wurin aiki ya yarda a raba hutu, raba shi ya fi, kwana biyu ko uku a haɗa da ƙarshen mako, maimakon a ɗauke shi dunƙule. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tunawa da samun 'yancin kan Najeriya a 1960, hutu ce a kowace shekara, kuma idan ta faɗo ranar Juma'a ko Litinin takan ba mutum kwana uku a jere ba tare da ya taɓa hutunsa ba. Ma'aikatan jihar Kaduna sun samu wani sauƙi a Disamban 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta koma tsarin aikin kwana huɗu a mako, kuma noma da zama da iyali suna cikin dalilan da aka bayar. Kafin mutum ya tafi, ya bar wa wanda zai riƙe masa kujera bayani a rubuce, fayil kaza yana wuri kaza, wane zai zo karɓar kaza ranar kaza, domin wanda bai yi haka ba yana tsakiyar gona waya za ta yi ta kiransa.

Game da gonar kanta, ma'aikacin da ke zaune a birni ya amince tun farko cewa ba shi ne zai yi girbin da hannunsa ba. Aikinsa shi ne ya tsayar da amintaccen mutum, ƙane ko ɗan kawu ko maƙwabcin gona, ya kuma yi magana da shi a fili a kan ladansa, ko kuɗi ne ko dami kaza cikin abin da aka samu. Barin wannan magana a dunƙule da sunan zumunci shi ne ke haifar da ƙorafin da ake ji bayan kaka. Kuɗin 'yan ƙwadago yana tashi a makonnin girbi saboda kowa yana nemansu a lokaci guda, gayya kuma ta yi ƙaranci a garuruwa da yawa, don haka a tsayar da ma'aikata da farashi tun mako biyu kafin ranar aiki. Ranakun da suka wajaba mai gona ya kasance a wurin su ne ranar ɗaurin dami da ranar kwasowa gida, domin a ranakun ne ake ƙirga, a ranakun ne kuma ya fi sauƙi a fitar da zakka kafin hatsi ya shiga rumbu ido ya saba da yawansa. Amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma ne idan ya kai nisabi, wato wusƙi 5, daidai da sa'i 300. A yankunan da hanya ba ta da aminci, musamman sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, a tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin a taso, a bi motar safe, a kuma juyo tun la'asar. Babu buhun da ya kai a yi tafiyar dare dominsa.

Wanda ba shi da gona ma kaka ta shafe shi, domin a lokacin ne hatsi ya fi araha a manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano da kasuwannin ƙauye na mako-mako, kuma magidancin da ya iya ware wani abu daga albashin Oktoba da Nuwamba ya sayi abincin watanni zai ji daɗin hakan idan damina ta dawo farashi ya haura. Sai dai sabon hatsi yana da danshi, kuma idan aka ɗure shi a buhu bai bushe ba zai yi fumfuna, wadda a masara da gyaɗa tana haifar da guba mai cutar da hanta. A shanya shi sosai a kan tamfol, a gwada da haƙori, ƙwayar da ta bushe takan fashe da ƙara. Wake kuwa buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ya kuma raba mutum da zuba maganin ƙwari a abincin da yaransa za su ci.

Tafiya a ƙafa ita ce abin da aka fi saurin yarwa idan hidima ta yi yawa, alhali kuwa babu lokacin da ya fi farkon kaka dacewa da ita a duk shekara. Taɓo ya fara bushewa, ganye bai ƙone ba, ƙurar hunturu ba ta iso ba tukuna, don haka iskar safiya tana da tsabtar da ba za a sake samu ba sai wata daminar. Dare da rana sun kusa yin daidai a ƙarshen Satumba, rana tana fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe shida a Kano da kewayenta. Wannan ya sa tsakanin sallame sallar asuba da shirin kai yara makaranta akwai sararin da ya kai minti 30 ko fiye, kuma wannan sarari shi ne ya fi tabbata, domin ba a kiran taro a cikinsa, baƙo ba ya sallama, shugaban ofis bai tashi neman kowa ba. Wanda ya ce zai yi tafiyarsa da yamma yakan tarar yamma ta riga ta samu masu ita. Ban da haka Oktoba wata ne mai zafi, domin da gajimare ya janye rana takan dawo da ƙarfinta, ga sauran danshi a iska, ta yadda tafiyar ƙarfe huɗu na yamma takan zama wahala ga wanda ya wuni a zaune.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma minti 30 a kwana biyar ya cika mafi ƙarancin wannan adadi. Matsakaici yana nufin tafiyar da ta fi ta zuwa shagon unguwa sauri, wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma mutum yana iya amsa gaisuwa ba tare da ya tsaya ba. Gaisuwar ce ma babbar matsalar mai tafiya a unguwarsu, domin kafin ya kai bakin titi an tsayar da shi sau da yawa ana tambayar iyali da gajiya, wani ma ya tsayar da babur ya ce ya hau ya rage masa hanya, a zatonsa abin hawa ya rasa. Maganin wannan shi ne a zaɓi hanyar da ta fita daga cikin lungu da wuri. Mutanen Kaduna suna da Dandalin Murtala, inda ake taruwa motsa jiki da sassafe, mutanen Kano suna da filin sukuwa da gefen badala, mai ƙarfin gwiwa kuma ya hau Dala ko Goron Dutse ranar Asabar, a Zariya akwai harabar jami'a a Samaru. Wanda garinsu ba shi da irin waɗannan wurare, filin makarantar firamare ko hanyar bayan gari ta wadatar. Wanda kuma safiyarsa ba ta da sarari ko kaɗan, ya riƙa sauka daga adaidaita sahu tun da sauran tazara kafin ofis ya ƙarasa da ƙafa, ko ya je masallacin Juma'a da ƙafa maimakon mota.

Mata ma'aikata sun fi kowa rasa wannan sarari, domin safiyarsu ta karin kumallo ce da wankan yara, kuma a unguwanni da yawa macen da ta fito tafiya ita kaɗai da duku-duku za ta sha kallo. Abin da ya fi yi musu sauƙi shi ne su haɗu biyu ko uku da maƙwabta, ko su mayar da rakiyar yara Islamiyya da yamma ta zama tafiyarsu, su ɗan zagaya ta doguwar hanya wajen dawowa. Maigida da ke son lafiyar iyalinsa zai iya karɓar shirin yara safiya biyu a mako don uwargida ta samu fita, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga kowa.

Akwai hattara guda da ta keɓanta da wannan lokaci. Ciyawa ta yi tsawo, macizai kuma suna yawo, musamman kububuwa da kasa, waɗanda launinsu ke sajewa da ƙasa da busasshen ganye. Ba banza ba asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe yake cika a lokacin shuka da lokacin girbi. Mai tafiyar asuba ya sa takalmi rufaffe, ya bi hanyar da ƙafa ta riga ta share, ya riƙe fitila idan gari bai waye sosai ba, a gona kuma kada a cusa hannu ƙarƙashin tarin kara ko harawa sai an ɗaga da sanda. Idan tsautsayi ya faɗa, a garzaya asibiti, a bar tsaga wurin da ɗaure shi tamau. Masu hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa su fara da minti 10, su kuma shaida wa likitansu.

A cikin gida, makonni biyu na farkon komawa makaranta su ne ke tsara yadda zangon zai kasance. Yaran da suka saba kwana a makare lokacin hutu sai an dawo da su barcin wuri, kayan makaranta kuma a haɗa su tun dare, a goge, a duba jaka, domin rigimar safiya yawanci ta neman safa ce da littafin da ba a san inda aka ajiye ba. Tsakanin magariba da isha'i lokaci ne gajere, amma idan uba ya ajiye waya ya zauna a tabarma ya duba aikin gida, ya ji karatun allo ko haddar da aka ba yaro, ya fi awa uku da zai yi a falo jikinsa na gida hankalinsa na WhatsApp. Sauro kuwa a ƙarshen damina ya fi yawa, saboda kududdufai sun daɗe suna tara ruwa, don haka ba yanzu ne lokacin naɗe gidan sauro ba, ko da dare ya yi zafi. A jihohin arewacin Najeriya da kuma Nijar ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida wata-wata a lokacin damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma zagayen ƙarshe yakan faɗo ne a wannan lokaci. Ma'aikatan suna ba da na ranar farko ne, na kwana biyun da suka rage a hannun iyaye yake, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar, kada a jira a ga yadda zai kwana.

Yana da kyau a ware Asabar ɗaya a tafi gona da yaran, inda hanya ta ba da dama, ba don su yi aiki ba. Yaron da ya tashi a birni yana iya kai shekara goma bai taɓa ganin yadda ake gasa tumu ba, yadda ake ɗora zangarniyar ɗanyen gero a kan garwashin kara ana juya ta har ta fara ƙamshi, a murje ta tsakanin tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da ɗuminta. Zai ga kakarsa tana shiƙa, ta ɗaga ƙwarya sama tana jiran iska ta kwashe ƙaiƙayi, zai ci dafaffiyar gyaɗar da aka ciro da safe, zai kuma san 'yan uwan da sunansu kawai yake ji. Wannan tafiya ɗaya ta haɗa zumunci da duba gona da tafiyar ƙafa, kuma ita ce hidimar kaka da ba a dawowa daga gare ta da jin an yi asarar rana. A tafi da ruwan sha daga gida da takalma rufaffu, a kuma dawo da wuri.

Bukukuwa kuwa sai an yi zaɓi, ko da za a ji kunya. Ba kowane ɗaurin aure ne ya wajaba mutum ya halarta da ƙafarsa ba, kuma wanda ya ce zai je duka zai ƙare watan a tasha. Na dangi na kusa da na maƙwabcin da ake haɗa katanga a je, sauran a aika gudummawa da wuri a kira waya a yi fatan alheri, domin gudummawar da ta riga biki isa ta fi amfani ga mai hidima a kan fuskar da za ta bayyana cikin taro ta ɓace. Miji da mata su zauna su tsayar da abin da za a kashe a anko da gudummawa a watan, bayan an cire kuɗin makaranta da na 'yan ƙwadago, ba kafin ba.

Saura hutun jiki, wanda a ganina shi ne aka fi yi wa rashin adalci. Ma'aikaci yakan ɗauki kwana uku a ofis, ya wuni a rana yana ɗora dami a amalanke, ya dawo daren Lahadi, sa'an nan ya ce ai ya huta tun da bai je aiki ba. Wannan canjin aiki ne kawai, kuma jiki yakan karɓi bashinsa ranar Talata ta hanyar ciwon kai ko zazzaɓi. Duk wanda ya tsara zuwa gona ya bar rana ɗaya tsakanin dawowarsa da komawa ofis, ko aƙalla ya dawo ranar Asabar da yamma. A cikin kowane mako biyu a bar yini ɗaya da ba a rubuta masa komai ba, ba gona, ba biki, ba kasuwa, kuma a sanar da iyali tun da wuri don kada a cike shi da aike. Ƙailula bayan azahar, ko ta minti 20 ce, tana rage nauyin zafin Oktoba, kuma wanda zai fita tafiya bayan asuba dole ya kwanta da wuri, domin babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Saƙonnin ofis da ke shigowa bayan isha'i yawancinsu za su iya kwana, kuma abokan aiki sukan saba da mutumin da ba ya amsawa da dare idan sun san da safe zai amsa.

Wannan tsari na makonni kaɗan ne, kuma da Nuwamba ta kama sai a sake duba takardar. A lokacin sanyi ya fara sauka, hazo ya fara rufe safiya, masu asma da yara ƙanana ba za su ji daɗin iskar asuba ba, don haka tafiya sai ta koma hantsi a ranakun hutu ko bayan la'asar a ranakun aiki, tun da zafin yamma ya ragu. Kwanakin hutun da aka adana kuma a lokacin za a fito da su don yankan dawa.